Ni da Bahasin Abla

Ina shekara ta biyu a ɓangaren mata na jami'a, nan Jidda, aka fara karɓar 'yan ma'ahad. A tsakiyar shekarun saba'in ke nan. Ma'ahad makarantar horon malamai ce, shekara biyu ake yi a fito a kama alli. Sai aka ce wadda ta gama ta, ta kuma koyar, tana iya shigowa jami'a ta ɗora daga shekara ta biyu, amma da sharaɗi: in ba ta haye zangon farko ba, ta tattara ta koma makarantar da ta baro. Mu da muka faro daga tushe ba mu yi murna da su ba. Gani muke sun tare mu a tsakiyar hanya, kuma tare za mu isa.

Akwai matar da ke kula da ajinmu, mushrifa muke ce mata, Bamisriya ce, mai magana kamar ana korarta. Ita ta tsame mu 'yan kaɗan ta ce kowace za a ba ta baƙuwa guda ta riƙe, ta nuna mata ɗakin karatu, da yadda ake aron littafi, da yadda ake rubuta bahasi, wato ɗan binciken da malami ke nema kafin jarrabawa. Ni na fi kowa zaƙewa. Lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba, don a layinmu na unguwar Sa'alaba ni ce mace ta farko da ta taka jami'a, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Har na tsara a raina yadda zan riƙa yi wa tawa baƙuwar bayani, a hankali, kamar mai lallashin yaro.

Mushrifa ta buɗe ƙofa ta ce su shigo. Ta uku a cikinsu Abla ce.

A Jidda kowace malama Abla ake ce mata, amma a gidanmu in aka ce Abla aka yi shiru, mutum guda ake nufi. Iyayenta Hausawan Sudan ne da suka zauna a unguwar Ammariyya, nan Jidda. Ita ta riƙe hannuna na ja alif na farko. Ranar da na jiƙa zanena a aji ina 'yar ƙarama, ita ta yafa mini mayafinta ta kai ni gida da ƙafa, ba wadda ta sani a cikin yaran. Umma kan ce mini, "Malama uwarki ce ta biyu." In mun haɗu da ita a hanya, sai na durƙusa irin na Hausawa, sannan in sumbaci hannunta irin na mutanen Hijaz, don Umma ta ce ɗaya bai isa ba.

Mushrifa ta dube ni, ta dube ta. "Harshenku ɗaya, ko? Halas, shi ke nan, ke za ki riƙe wannan."

Gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu. Kafin in kai ƙasa Abla ta riƙo hannuna. "Tashi, ya binti, 'yata," ta ce da ni a hankali. "Na ga a nan ba a yin haka." 'Yan ajinmu na kallo, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban san wanne ya fi ba ni kunya ba, durƙuson da na fara ko wanda ban ƙarasa ba.

Da na koma gida na tarar Umma ta riga ni sanin labarin, har da abin da ban sani ba. Yaran da Abla ta koyar sun soma dawowa makarantar da takardun jami'a, ana ɗora su a kanta. An ce mata in ba ta ƙaro karatu ba za a sauke ta daga manyan azuzuwa. Da za ta taho, malaman makarantar sun yi mata walima, yara sun rera waƙa, har da kuka. Mijinta, da ke aiki a rumbunan ajiya na tashar jiragen ruwa, ya sauya lokacin aikinsa don ya riƙa kawo ta yana ɗaukarta. Umma ta ce Abla da bakinta ta faɗa mata, "In aka koro ni, Hajiya, ba ni da fuskar komawa." Sannan Umma ta nuna ni da ludayin da ke hannunta ta ce, "Ki riƙe ta da ladabi."

A zamanin malamai maza ba sa shigowa ajinmu. Akwatin talabijin ne a gaba, duktur, wato malamin, yana can ɓangaren maza yana karantarwa, mu muna kallonsa. Wadda ke da tambaya sai ta je teburin mushrifa ta ɗauki wayar tarho. Ya kamata in faɗa wa Abla wannan tun a ƙofa, amma na tsaya neman yadda zan fara. Hoton duktur na tarihi na fitowa, sai ta miƙe tsaye ta ja mayafi ta rufe fuska. Dariya ta fara tashi daga baya, irin wadda ake toshewa da hannu.

Na matsa kusa da ita na ce, "Abla, ba ya ganinmu."

"Mu ai muna ganinsa," in ji ta.

Ta buɗe fuskar, amma ba ta zauna ba sai da ya zauna. Haka ta yi ta yi har ƙarshen zangon, kuma daga baya masu dariyar suka gaji suka bari.

Ƙananan abubuwa ba su yi mini wuya ba, sai dai duk wanda ya gan mu zai yi dariya. Ni ce mai nuna hanya, amma ba zan iya shiga gabanta ba. Sai ta wuce gaba, ni ina biye da ita rungume da littattafanta, ina cewa, "Dama, Abla. Sama, Abla." Sauran masu riƙe baƙi suna ba nasu umarni kai tsaye, yi kaza, bar kaza. Ni ban taɓa ce mata yi kaza ba. Sai dai in ce, "Wasu sukan rubuta lambar littafin tukuna," ko "Na ga ana zuwa da wuri ranar Asabar." Ita ma ba ta taɓa ce mini ban gane ba. Sai ta ce, "Maimaita, in ji ko kin iya." A haka muka lallaɓa, ta san ɗakin karatu, ta san inda ake salla, ta san wace mai sayar da shayi ce ba ta cika sukari.

Bahasi ne ya tona mu. Duktur na tarihi ya ce rabin sakamakon darasinsa a kan bahasi yake, kuma wadda ta faɗi darasi ɗaya a cikin 'yan ma'ahad ba ta haye ba ke nan. Abla ta zaɓi tarihin ganuwar Jidda. Ta yi ta zaman ɗakin karatu har a tashe ta. Wata rana ta miƙo mini takardun a cikin tsumma mai tsabta ta ce, "Duba mini, ko alƙalami ya zame a wani wuri."

Bayan la'asar na hau soro na buɗe. Rubutu ne wanda in ka gani sai ka so ka rataye shi a bango, ba gogewa, ba karkata. Na karanta shafi na farko, na biyu, na ga inda matsalar take. Daga farko har ƙarshe maganar littattafai uku ce, kalma da kalma. Ba sata ta yi ba, don kowane marubuci ta ambace shi, har da yi masa addu'ar Allah Ya jiƙansa. Amma babu jimla ɗaya da take tata. A ma'ahad haka ake yi a ci maki cikakke, kuma na san Abla, a wurinta taɓa maganar malami rashin amana ne. Na kuma san duktur. A shekarar farko ya dawo mini da nawa bahasin a kan abin da bai kai wannan ba, ya ce littattafan yana da su a gida, ni yake nema.

Washegari ta tare ni a bakin aji. "Yaya?"

Tun a mota na shirya maganar. Da na ɗaga ido na ga idanun nan da suka koya mini karatu, sai bakina ya yi nauyi. "Rubutun ya yi kyau, Abla," na ce. Ba ƙarya na yi ba, rubutun ya yi kyau. Ta yi murmushi ta karɓe takardunta.

A gidanmu ƙarami ba ya kai wa babba magana mai ɗaci da bakinsa. Sai ya nemi wanda zai kai. Haka aka yi da yayana ya so barin aikin tasha, haka aka yi da maƙwabcinmu ya toshe mana magudanar ruwa, kuma kullum abin yana aiki. Don haka na sami Umma tana tsince shinkafa na zayyana mata komai. Na ce in Abla ta miƙa wannan bahasin za a kayar da ita. Na ce dole ta sake shi gaba ɗaya, ta rufe littattafan ta faɗi nata.

Umma ta ajiye faifan. "Ke ce za ki ce Malama ba ta iya ba?"

"Ba ni na ce ba, Umma, duktur ne zai ce."

"To shi ya ce mana."

Sai da na yi kamar zan yi kuka sannan ta yarda a aika. Amma ita ma ta ce ba za ta iya ba, tana jin nauyin malamar 'yarta. Sai dai Goggo, yayar Babanmu, wadda ta girmi Abla nesa ba kusa ba, kuma ta san uwar Abla tun suna sabon zuwa. Goggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma a danginmu ita ce mai kai magana. Ta sasanta aure, ta raba faɗa, ta karɓo bikon mata da yawa, kuma tana alfahari da cewa ba wanda ya taɓa tashi daga gabanta da ɓacin rai.

Da Goggo ta zo, ina kicin ina haɗa shayi, ina jin su. Umma ta ce, "Yarinya ta duba aikin Malama, ta ce ya yi kyau ƙwarai. Sai dai malamin nasu mai tsanani ne, ya'ni ba a iya masa. Ta ce ko Malama za ta ɗan sake dubawa, ta ƙara masa gishiri."

Na tsaya da buta a hannu. Rabin maganar ya riga ya zube. Amma in fito in ce wa Umma ba haka na ce ba, a gaban yayar mijinta? Na kawo shayi, na durƙusa na zuba, na koma.

Ranar Juma'a Goggo ta tafi Ammariyya, ta dawo da fara'arta da ƙunshin dabino. "Halas, an gama," ta ce. "Na ce mata yarinyarki ta ce tunda take ba ta taɓa ganin aiki irin wannan ba. Na ce amma kin san mazan nan, ba sa ƙoshi, ki ɗan ƙara musu wani abu a kai. Ta ji daɗi, ta sa miki albarka."

Har yau in na tuna fara'ar Goggo ta ranar sai raina ya ɓaci. Na yi fushi da ita, na yi fushi da Umma, na kwana ina cika ina batsewa. Amma duk fushin nan bai kai ni Ammariyya ba, ga ta nan kusa, ba wata tafiya ba ce. Na ce wa kaina ai Abla mai hankali ce, ta san ba a tayar da tsohuwa kamar Goggo don yabo kawai.

Ranar miƙa bahasi na ga nata ya ƙara kauri. Ta samo littafi na huɗu ta kwafe. Ina tsaye a gefenta ta miƙa wa mushrifa da hannu biyu.

Al'adar duktur ce in ya gama dubawa ya kira kowa ta waya a gaban aji. Ni ya fara kira a jerin kujerunmu. Ya ce bahasina ya yi, ya yaba yadda na ƙi yarda da wani marubuci na kuma faɗi dalili. Da wata rana ce da na dawo kujerata ina taku ɗaiɗai. Ranar kuwa kaina a ƙasa na dawo, don na ga takardun da ke ƙarƙashin nawa a teburinsa.

Ya ɗaga su yadda za mu gani, ya kira sunanta. Abla ta tashi ta je ta karɓi wayar, ta riƙe ta da hannu biyu. Muna jin muryarsa daga akwatin, muna jin tata a cikin ɗaki.

"Ya ustaza, ban taɓa ganin rubutu mai kyau haka ba," ya ce. "Amma wannan ba bahasi ba ne, kwafi ne. Na ji abin da mutum huɗu suka ce. Ke me kika ce?"

Abla ta gyara riƙon wayar.

"Kina ji na?" in ji duktur.

"Ina ji, ya duktur. Malamai sun riga sun faɗa. Ni wace ce da zan ƙara?"

Bai yi mata tsawa ba, kuma wani lokaci nakan ce gara da ya yi. A hankali ya ce yadda yake ɗin nan ba zai iya ba shi komai ba. Ya ce tunda daga ma'ahad ta zo, ya ba ta zuwa kafin jarrabawa ta sake. Sannan ya ƙara da tambayar da nake tsoro. "Ba a haɗa ku da tsofaffin ɗalibai su nuna muku ba?"

Mushrifa ta juyo ta zuba mini ido. Ajin duka ya juyo. A cikinsu akwai biyu da Abla ta koyar a firamare kamar ni.

"An haɗa ni," in ji Abla. "Ta nuna mini. Ni ce ban gane ba."

Ta ajiye wayar ta dawo ta zauna kusa da ni, ta buɗe littafinta ta ci gaba da rubuta abin da duktur ke faɗa. Ni ko alƙalamin ban iya ɗauka ba. Kunyar da na ji ranar ba irin ta durƙuso ba ce, wannan ta fi ta nesa ba kusa ba.

Na ƙi zuwa jami'a, na ce zazzaɓi nake yi. Umma ta yi ta dafa mini ganye ina sha, don ɗacinsa ya fi mini sauƙi a kan in haɗa ido da Abla. Ina kwance da hantsi sai na ji sallamarta a tsakar gida. Suka gaisa da Umma, gaisuwa mai tsawo, sannan na ji ta ce, "Hajiya, ara mini 'yarki. Kada a kawo mana komai."

Ta shigo ɗakin da takardun a hannu. Na diro daga gado zan durƙusa, sai ta riga ni zama a tabarma, ta nuna mini gefenta. Ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da ita ba.

"Saƙonki ya iso," ta ce. "Da na ga Goggo da kanta na san akwai magana. Amma kwanon kawai aka kawo mini, ba tuwon a ciki."

Na fara cewa, "Abla, ki yafe..."

"Bari. Ni ma da ƙafata, da bakina. Sau nawa na ce zan tambaye ki me ke nan, sai in tuna ni na koya miki riƙe alƙalami, in fasa." Ta tura takardun gabana. "Ke kina jin nauyina, ni ina jin nauyinki, ga shi za a kore ni. Yalla, maza karanta shafin farko ki faɗa mini."

Na karanta. Murya a ciki na ce, "Wasu malaman sukan fi son..."

"Ba wasu ba. Ke."

"Wannan ba naki ba ne, Abla."

"Daga ina zuwa ina?"

Na nuna da yatsa, daga sama har ƙasa. Ta zaro alƙalami daga jakarta ta sa mini a hannu. "Soke shi." Na ja wani siririn layi da ko ni da kyar nake ganinsa. Ta ɗaga takardar ta kalla. "Idona ya fara rauni, ya binti. Danna." Na danna. Na soke rubutun Abla shafi bayan shafi, hawaye na ɗiga a kai, ita tana juya mini takardun.

Daga nan muka kama aiki, wani lokaci a gidanmu, wani lokaci a kusurwar ɗakin karatu. Dabarar da na samo ita ce in bar ta ta karanta, sai in rufe littafin in zauna a kansa, in tambaye ta da Hausa, "Me ya ce? Kin yarda?" Da Hausa bakinta a buɗe yake. Sai ta ce wannan ya cika surutu, wancan kuma da gani bai taɓa zuwa Jidda ba. In na ce to rubuta haka da Larabci, sai ta dube ni kamar na ce ta zagi liman. Ranar da muka zo inda marubuta biyu suka saɓa a kan dalilin gina ganuwar, na ce dole ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya. Ta daɗe tana juya alƙalami. Sai da ta yi istigfari sannan ta rubuta cewa a ganinta na biyun ya fi kusa da gaskiya.

Kada a ɗauka na saba. Ban saba ba ko sau ɗaya. Duk ranar da muka tashi rigata sharkaf take da gumi. Kuma Abla ba waliyyiya ba ce, takan sha mur. In na ce mata wannan sakin layin ma kwafi ne, an dai sauya masa kalma biyu, sai ta yi mini kallon nan da a da yake sa aji guda ya yi tsit. Sai in sunkuyar da kai in jira. Can sai ta ce, "Ci gaba."

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ana gab da miƙawa. Na gaji, ga nawa karatun ya taru, ga ta ta sake komawa ga maganar marubucin nan da muka riga muka soke. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. "A'a, Abla, ba haka ba. Na faɗa miki jiya." Da kunnena na ji yadda ta fito, irin muryar da ake yi wa yaron da ya ƙi ji. Na jira ta tashi ta tafi, ko ta tuna mini ko ni wace ce. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To." Ta jawo sabuwar takarda. Da ta mare ni da na fi samun sauƙi.

Bahasin da ta miƙa siriri ne, bai kai rabin na farko ba, kuma akwai gogewa a ciki. Duktur ya ba ta maƙbul, wato mafi ƙanƙantar makin da ake hayewa da shi. Sauran darussan na hadda ne, a nan kuwa ba mai kama ƙafarta. Da aka liƙa sakamako sunanta na cikin waɗanda za su ci gaba. A cikin waɗanda suka shigo tare da ita akwai waɗanda suka koma. Ta tsaya gaban allon ta daɗe, sannan ta ce mini mijinta na jira a waje, ta tafi.

Ranar Alhamis ta zo gidanmu da tiren basbusa, wani kek mai zaƙi na Larabawa. Ta tarar da Goggo da wasu mata biyu na layinmu suna hira da Umma. Aka shimfiɗa mata, aka aike ni haɗa shayi. Daga kicin nake jin ta tana ba su labari, kuma ba ta rage komai ba. Ta faɗa musu yadda na soke mata shafuka, yadda nake zama a kan littafi in hana ta buɗewa, har ranar da na ɗaga mata murya. Tana faɗa tana dariya, tana cewa ba don yarinyar nan ba da yanzu tana gida. Amma dariyarta kaɗai nake ji.

Na fito da tire na tsaya a bakin ƙofa. Goggo ta riƙe haɓa. Matan nan biyu suna kallon juna, kuma na san kafin magariba labarin ya gama Sa'alaba. Umma ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ba ta ko dubi inda nake ba.

"Ki yi haƙuri, Malama," in ji Umma. "Wallahi ba haka na tarbiyyantar da ita ba."

Abla ta daina dariya. Ta dube ni, sannan ta dubi Umma.

"Ni ma ba haka na koya mata ba, Hajiya," ta ce. "Shi ya sa na kusa komawa gida."

Na ƙaraso na durƙusa, na fara zuba wa Abla, sannan Goggo, sannan sauran. Da na miƙa wa Umma nata, ba ta karɓa ba, ta ce in ajiye a ƙasa.